Bishiyar mapul mai jan ganye, za ta rayu a tsakar gida a Kaduna?

Maman_Sadiya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa masu lambu. Don Allah shawara nake nema kafin in kashe kuɗi. Bara muka tare a sabon gida a Kaduna, tsakar gidan duk an shafe shi da siminti, sai wani ɗan fili da na roƙi maigida aka bar mini a bakin tagar falo, bai fi taku huɗu kowane gefe ba. Tun lokacin nake neman ƙaramar bishiya wadda ba za ta fasa gini ba, kuma ganyenta da kansa yake da launi, ba sai ta yi fure ba. Sai ƙanwata ta turo mini hoton wata da ake kira mapul ɗin Japan. Wallahi ganyen ja wur kamar an tsoma shi a zoɓo, a rarrabe kamar yatsun hannu. Na ga masu sayar da irinta a intanet. Akwai wanda ya taɓa shuka ta a ƙasar nan? Za ta yi a Kaduna?

Dan_Rigasa:
Wa alaikumus salam. Hajiya kar ki sayi irin nan na intanet. Sau biyu ina saya. Na farko ko tsiro bai yi ba, na biyu wata ciyawa ce daban ta fito. Har hoton mai shuɗin ganye suka sa a tallar, daga baya na gane da kwamfuta aka rina hoton, babu mapul mai irin wannan launin.

Ummu_Hanif:
Ni ma ina biye da ku. Na daɗe ina sha'awarta.

Malam_Gandu:
Wa alaikumus salam. Hajiya, aikin gandun daji na yi har na ajiye aiki, bari in faɗa miki yadda abin yake. Sunanta a littafi Acer palmatum, asalinta Japan da Koriya da wani yanki na ƙasar Sin. A dazukan can ba a fili take tsayawa ba, a ƙarƙashin manyan itatuwa take girma, inda akwai inuwa da laima. Shi ya sa ganyenta bai da kauri irin na mangwaro ko darbejiya.

Abu biyu ne zai tare ki a Kaduna. Na farko, bishiya ce mai barci. Idan sanyinsu ya shigo takan zubar da ganye kaf, ta tsaya kamar busasshiya wata uku zuwa huɗu, kuma sai ta sha wannan sanyin, irin wanda ruwa ke daskarewa ko kusa da haka, sannan idanun reshenta su buɗe da ƙarfi. In ba ta samu ba za ta riƙa toho a raunane, bana ta fi baɗi, har ta ƙare. Na biyu iskar hunturu da zafin bazara. Busasshiyar iska tana zuƙe ruwan ganyen fiye da yadda saiwa za ta iya kawowa, sai bakin ganyen ya ƙone ya nannaɗe, ko da safe da yamma kike ba ta ruwa.

Maganar iri kuma, Dan_Rigasa, ko na gaskiya aka aiko maka ba zai tsira haka kawai ba. Sai an jiƙa shi, an binne a yashi mai danshi, an sa a firji wajen wata uku. Sannan jajayen nan da ake ɗauka a hoto, irin su Bloodgood da Crimson Queen, aure ake yi musu kamar yadda muke yi wa mangwaro. Duk wanda ya binne ƙwallon mangwaro mai aure ya san ba lalle ne ɗan ya biyo uwar ba.

Dan_Bukuru:
Baba Malam_Gandu, da girmamawa, amma ba duk Arewa ce ɗaya ba. Mu nan Jos muna kan tudu wajen mita 1,200. A watan Disamba da Janairu sai mutum ya ɗumama ruwa kafin ya yi alwalar asuba. Dankalin Turawa yana yi, sitiroberi yana yi, tufa ma akwai masu yi. Me zai hana mapul?

Malam_Gandu:
Ɗana, ka yi gaskiya cewa Jos ta fi Kaduna damar gwadawa, Mambila ma ta fi Jos, tunda ta fi ta tudu. Amma sanyin Jos na dare ne, rana na fitowa ya karye. Abin da bishiyar ke bukata sanyi ne mai ɗorewa dare da rana, makonni a jere. Tufar da ka ambata ma, wadda ake nomawa a ƙasashe masu zafi zaɓaɓɓen iri ne mai neman sanyi kaɗan, kamar wanda ake kira Anna, kuma manoma kan tsige masa ganye da hannu don ya yi sabon toho. Akwai kuma tsawon yini. A tsakiyar Japan yini kan kai awa 14 da rabi a watan Yuni, ya dawo ƙasa da awa 10 a Disamba, da wannan bishiyar ke gane lokacin barci ya yi. A Jos bambancin bai wuce awa ɗaya da 'yan mintoci ba.

Dan_Bukuru:
Na ji Baba. Amma ni dai da zan samu dashe ɗaya sai na gwada, a gefen gida inda rana ba ta bugawa. Ba a sanin abu sai an taɓa.

Bintu_Lids:
Maman_Sadiya, ina da guda a tukunya a bayan gida nan Ingila, Bloodgood ce, shekararta shida a hannuna kuma har yanzu ba ta wuce kafaɗata ba. Bari in gaya miki yadda shekararta take. A watan Afrilu ganyen ke fitowa a naɗe kamar hannun jariri, ja mai haske. Tsakiyar shekara ya yi duhu kamar busasshen zoɓo. Wajen ƙarshen Oktoba sai ya kama wuta, in rana ta haska shi ta baya har jijiyoyin ganyen kike gani ɗaya bayan ɗaya. Mako biyu ko uku ke nan. Daga nan iska ta kwashe shi, sai ƙirare har wata biyar. Masu turo hoto wannan mako biyun suke turowa.

Kuma a nan ɗin ma tana da laulayi. A zafin watan Yulin 2022, da ma'aunin zafi ya haura digiri 40 karon farko a tarihin ƙasar, kwana biyu kacal aka yi amma rabin ganyenta ya soye, in kin murza sai ya zama gari. Na ja tukunyar zuwa inuwa amma na makara. Na tuna a Kano wannan zafin shi ne abincin kullum a watan Afrilu. Yaya, ina sonta ƙwarai, amma ba zan ce ki kai ta Kaduna ba.

Maman_Sadiya:
Allah sarki. Bintu na gode da kika faɗi gaskiya, ban san wata biyar take yi ba ganye ba. Ni da nake son abin da zan buɗe taga kullum in gani.

Sani_Osaka:
Ina karatu a Japan, shekara ta uku ke nan. Su momiji suke ce mata. Fita kallon ganyenta al'ada ce mai suna, momijigari, wato farautar momiji. Daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba garin Kiyoto cika yake maƙil, har hasashe ake yi a talabijin na ranar da ganye zai rine a kowane gari, kamar yadda ake hasashen ruwan sama. A Mino, kusa da mu nan, ganyen ma suke tsomawa a ƙullun fulawa mai zaƙi su soya su sayar wa masu zuwa kallo.

Abu ɗaya zan ƙara a kan maganar Malam_Gandu. Kar a ɗauka nan ba a zafi. A watan Agusta zafin Osaka yana kai 35, amma zafi ne mai gumi, iska cike da ruwa, kuma ga ruwan sama tun watan Yuni. Namu zafin yana zuwa ne a lokacin da ƙasa ta fi bushewa, bayan wata biyar ba ɗigon ruwa. Ina ganin nan ne babban bambancin.

Abban_Walid:
Wai ba ita ce a jikin tutar Kanada ba?

Hauwa_Toronto:
Danginsu ɗaya amma ba ita ba ce, Abban_Walid. Mapul kala-kala ne, sun haura ɗari. Ganyen da ke tutar nan, wadda aka fara ɗagawa a 1965, na manyan mapul ne na wannan nahiyar. Wanda aka fi ji da shi shi ne mai zaƙi, wanda ake huda jikinsa a ƙarshen sanyi a tari ruwansa a dafa har ya yi kauri kamar zuma. Sai an ƙone wajen lita 40 kafin a samu lita ɗaya ta zumar, kuma lardin Kwibek ne ya fi ko'ina yi a duniya. Wannan ƙatuwar bishiya ce, tana kai girman maɗaci. Ba ta tsakar gida ba ce sam.

Malama_Rabi:
Ilimin halittu nake koyarwa, kuma kwatancen Maman_Sadiya da zoɓo ya burge ni, domin ta faɗi daidai. Sinadarin da ke rina ganyen mapul ja, antosayanin, danginsa ne ke rina zoɓo. Ganye kore ne saboda sinadarin da yake haɗa abinci da hasken rana. Idan yini ya gajarta sanyi ya shigo, bishiya takan rushe koren ta janye amfaninsa zuwa jikinta. Sai ruwan ɗorawa da dama yana nan a ɓoye ya bayyana. Jan kuwa sabo ake ƙera shi daga sukarin da ya maƙale a ganye, kuma ya fi fitowa in ana rana mai haske da dare mai sanyi. To wasu tsirrai suna ɗauke da jan nan duk shekara, ba ruwansu da sanyi. Su ya kamata mu nema.

Mai_Fulawa_Kawo:
To an zo wurina. Hajiya, sana'ata ke nan, renon fulawa da dashe. Duk wata sai wani ya zo da hoton nan a waya. Abin da nake nuna musu wani ɗan'uwan yakuwa ne da rama, sunansa Hibiscus acetosella, mu jar yakuwa muke ce masa. Ganyensa ja mai duhu, a rarrabe kamar yatsu, in ba wanda ya sani ba zai rantse mapul ne. Kuma ɗan Afirka ne, zafi bai dame shi ba. Reshe kawai za ki yanka ki soka a ƙasa mai danshi, cikin mako biyu ya kama. A damina ɗaya yana kai tsayin mutum. Sirrinsa a riƙa tsinke kan tun yana ƙarami, don ya yi rassa ya cika, in ba haka ba zai miƙe siriri iska ta kwantar da shi. Rana yake so, a inuwa jan yakan dusashe. Ganyen da ɗan tsami, ana ci.

Ba zan ɓoye miki ba, ba bishiya ba ce ta shekara da shekaru. Bayan shekara ɗaya ko biyu yakan tsufa, sai ki sake soka sabon reshe. In kina son mai daɗewa ga kuroton, ganye ɗaya za ki ga ja da ruwan ɗorawa da kore, yana kai mita biyu zuwa uku a hankali. Ga akalifa mai ganye kalar jan ƙarfe. Su biyun suna son rana ta safe da inuwar la'asar, kuma da hunturu sai ana fesa wa ganyen ruwa ana wanke ƙura.

Ummu_Hanif:
Kuroton ya ba ni wahala gaskiya. Uku na dasa, da hunturu ya shigo duk suka zubar da ganye daga ƙasa, sai 'yan tsiraru a kai. Da na duba bayan ganyen sai na ga wasu fararen ƙwari kamar auduga.

Mai_Fulawa_Kawo:
Hajiya Ummu_Hanif, ƙwarin nan bushewa ce ke kawo su. Ki dama sabulun wanka kaɗan a ruwa, ki goge bayan ganyen da tsumma da yamma, bayan kwana biyar ki maimaita. In kin jiƙa dakakken 'ya'yan darbejiya ya kwana kin tace kin fesa, ya fi. Sannan ki rufe gindin da buntun shinkafa don ƙasa ta riƙe danshi, amma ki bar tazara kar ya taɓa jikin itacen, saboda gara.

Nas_Asabe:
A yi haƙuri in sa baki, tunda sunan mai tambaya ya nuna akwai yara a gidan. Ruwan jikin kuroton yana sa ƙaiƙayi da kurji. Akwai kuma wata ƙaramar bishiya mai ganye ja zagayayye da ake sayarwa yanzu, Euphorbia cotinifolia, kyakkyawa ce ƙwarai amma dangin tinya da aguwa ce. In an karya reshe farin ƙaro ke fita, in ya shiga ido abin ba daɗi. Haka jar zurma da wasu ke shukawa don ado, 'ya'yanta guba ne, kuma suna da zane mai jan hankalin yaro. Kafin a sayi kowace shuka a karya ganye ɗaya a gani.

Mai_Fulawa_Kawo:
Gaskiya ne Anti. Shi ya sa ban sa mai farin ƙaron da jar zurmar a lissafi ba. Wanda duk ya saya a wurina sai na tambaye shi ko da ƙananan yara.

Issoufou_Maradi:
Ina karanta ku tun ɗazu. Ni abin da ke damuna, mu da ke bakin hamada muna neman itacen da sai an sa shi a firji. A nan Maraɗi mutane da hannunsu suka dawo da itatuwa gonakinsu, ta hanyar barin tohon kututture ya girma, gawo da kalgo da sabara. Ruwan da za a ba baƙon itace ɗaya zai rayar da namu goma. Mu fara daraja na gida mana.

Maman_Sadiya:
Malam Issoufou ban ƙi ta taka ba, a gonarmu ta ƙauye akwai gawo da ɗorawa kuma ba mai taɓa su. Amma fili taku huɗu nake magana, a jikin bango. Gawo zai shiga nan? Son abu mai kyau a bakin taga ba raina na gida ba ne.

Malam_Gandu:
Ku duka kuna da gaskiya. Issoufou ya tuna mini wani abu. Mu ma muna da lokacin jan ganye, sai dai namu a toho yake zuwa, ba a zubar ganye ba. Wanda ya taɓa ratsa dajin doka a kudancin Kaduna a ƙarshen rani ya ga abin da nake faɗa. Ƙasa baƙa ƙirin da toka bayan gobarar daji, sai ka ga sabon ganye ja yana sheƙi kamar an shafa masa mai, tun ruwan farko bai sauka ba. Maje ma haka yake, kanya ma haka, har mangwaron da ke ƙofar gidan kowa, tohonsa ja ne mai laushi yana rataye kamar tsumma kafin ya yi kore. Shekara da shekaru ina wucewa ta wurin a bakin aiki, kuma kowane lokaci sai na tsaya na kalla. Sai dai duk waɗannan manya ne. Ga filin Hajiya, a cikin abin da muka saba da shi, rumman zan ambata. Ƙarami ne, tohonsa ja-ja, furensa ja, yana jure rani, kuma saiwarsa ba ta da ɓarna.

Dan_Rigasa:
Ba wanda ya ambaci bishiyar furut. Ita kam ganyenta yana yin ja sosai kafin ya zuba, kusan irin abin da Bintu ta kwatanta. Akwai ɗaya a makarantarmu ta firamare, muna tsintar jajayen ganyen muna yin fifita da su.

Abban_Walid:
Furut a taku huɗu? Rassanta kaɗai za su rufe gidan. Ni 'yar'uwarta na dasa, wadda ake kira ambarela, saboda an ce mini ƙarama ce. Shekara biyar ta ɗaga mini intalok, saiwa ta doshi sokawe, dole na sa aka sare, raina bai so ba. Akwai mai ganye fari da kore da aka ce ba ta kai waccan saurin girma ba, amma ni na horu. Duk abin da za a dasa a jikin gini a tambayi girmansa bayan shekara goma.

Zee_Abuja:
Tambaya. In mutum ya taho da ƙaramar mapul a jaka daga waje, ya ajiye ta a falo mai na'urar sanyaya ɗaki fa?

Bintu_Lids:
Ba shukar ɗaki ba ce Zee. Na'urar tana busar da iska, kuma sanyinta bai kai na barcin da Malam ya faɗa ba. Masu renon 'yan ƙananan a faranti ma a waje suke barinsu.

Malam_Gandu:
Sannan ba a shigo da shuka mai rai haka kawai. Akwai hukumar killace kayan gona ta tarayya, NAQS, sai da izininta da takardar shaidar lafiyar shukar daga ƙasar da aka taho da ita. Ba don a wahalar da mutane ba ne, ta cikin ƙasar tukunya da bayan ganye ƙwari da cututtuka ke tsallaka iyaka su faɗa wa gonaki.

Maman_Sadiya:
Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Jiya bayan la'asar na je wurin masu fulawa na ga jar yakuwar da idona. Na ɗaga ganye ɗaya na haɗa da hoton da ke wayata, Sadiya ta ce ai su ne. Na karɓi reshe uku. Rumman ɗin nake tunanin sawa a tsakiya, su kuma a gefe, amma maigida ya fi son kuroton, ba mu gama magana ba. Duk da haka mapul ɗin bai fita raina ba. Dan_Bukuru, in ka samu ka gwada don Allah ka riƙa sanar da mu, ko wane hali ta shiga.

Dan_Bukuru:
In sha Allah Hajiya. Na riga na zaɓi wurin, bayan ɗakin girki ta arewa, inda katanga ke tare iska. Baba Malam_Gandu, in na samu iri na gaskiya, a wane wata zan sa shi a firji don fitowarsa ta dace da farkon damina?

Malam_Gandu:
Ka ƙirga wata uku baya daga ruwan farko. Ku a Jos ruwa kan sauka a Afrilu, ke nan farkon Janairu. Ka sa a ƙasan firji inda ake ajiye kayan miya, ba wurin ƙanƙara ba, ka riƙa buɗewa duk mako kana duba danshi da fumfuna. Kuma ka tanadi yadda za ka yi in an ɗauke wuta kwana biyu.

Ummu_Hanif:
Mai_Fulawa_Kawo, na goge ganyen da ruwan sabulun jiya da yamma. In sake dasa su a babbar tukunya yanzu, ko in bari sai damina?